Jinin Kawu Rijiya

A unguwar nan in aka ce ana neman jini, shagon mai walda ake nufa kai tsaye, shi ya sa aka laƙaba masa Rijiya. Ƙaton mutum ne, bai taɓa hawa gadon asibiti ba sai don a ɗebi jininsa, kuma yana so a san da haka. In ya dawo daga bayarwa ba ya cire audugar da aka manna masa a hannu sai ta gaji ta faɗi da kanta. Mutumin kirki ne, ba a musu, amma kirkin nasa yana son 'yan kallo.

Wadda ta fi kowa shan ruwan wannan rijiya ita ce Auta, 'yar ƙanwarsa, mai ciwon sikila. Tun tana tatata, duk sanda jininta ya yi ƙasa, shi ne ke miƙa hannu. Har yarinyar ta girma tana yi wa ƙawayenta gori cewa jikin nata ne amma jinin na Kawu ne.

A ƙaramin asibitin da ake kai ta akwai wani dattijo a ɗakin gwaji. Da farko yakan gwada jinin Rijiya kamar na kowa. Da tafiya ta yi tafiya suka zama abokan wasa, ga tsinken gwajin kullum a ƙarance, sai dattijon ya koma ajiye shi don baƙi.

"Kai Rijiya, ai na haddace jininka," yakan ce. "Hau gado kawai, kar mu yi asarar tsinke."

Rijiya kuwa sai kansa ya kumbura, a ganinsa girmamawa ce. Sabo dai turken wawa ne, su biyun kuma suka ɗauru a jikinsa shekara da shekaru.

Ranar da abin ya faru, yana tsakiyar haɗa ƙofar ƙarfe ƙanwarsa ta kira shi a waya.

"Yaya, mun dawo asibiti. Sun ce sai an ƙara mata. Kuma ni idanunta ne ke ba ni tsoro. Rawayar nan ta ƙi tafiya ko da ba ta ciwo."

"Ke dai da tsoro. Yau kika fara ganin idon mai sikila? Gani nan zuwa."

Ya kashe inji, ya wanke hannu, ya tafi. Amma da ya tura ƙofar ɗakin gwajin bai ga abokinsa ba. Ashe dattijo ya yi ritaya. A kujerarsa wata matashiyar ma'aikaciya ce mai tabarau, tana sa safar hannu. Firij na gurnani a lungu, ɗakin sai warin maganin goge ƙasa.

Rijiya ya nannaɗe hannun riga ya nufi gado.

"Baba, zauna nan tukuna. Sai na gwada."

"Ki gwada wa? Ni? Tambayi duk wanda kika ga dama a gidan nan. Ledar jinin da na cika a ɗakin nan ta fi gashin kanki yawa."

"To yau ma za ka cika, in gwaji ya yarda."

"Ikon Allah! Rijiya ta bayar, guga ya hana. Yarinya na can kwance, ke kina nan kina mini iyayi."

Ma'aikaciyar ta kama yatsansa da walda ta ƙona, ta soka, ta ɗiga jinin a kan tsinken gwajin, wasu 'yan faranti farare masu tsawon ɗan yatsa, ta jera su a tebur. Ta ce layi ɗaya lafiya ke nan. Ya harɗe hannu yana kaɗa ƙafa, yana ba ta labarin mai naƙudar da ya taɓa ceto da yaron da mota ta kaɗe. Tana jin sa, amma idonta na kan tebur. Can sai ya ga ta ture tabarau sama, ta ɗauko sabon faranti ta sake kama yatsansa. Ashe ɗaya daga cikin na farkon ya nuna layi biyu.

Na biyun ma layi biyu ya fito.

"Baba, akwai alamar ƙwayar ciwon hanta a jininka. Za a tura babban gwaji a tabbatar, kuma ana maganinsa. Amma jininka ba zai shiga jikin kowa ba."

"Hanta? Dube ni da kyau. Ko zazzaɓi ban cika yi ba."

"Haka yake yi. Sai ya yi shekaru a jiki bai ce uffan ba. Reza ko allurar da wani ya yi amfani da ita ta isa."

Ya buɗe baki zai yi musu, sai kujerar mai aski ta faɗo masa a rai, da alluran gajiya da yakan tsaya a yi masa a kan hanya. Wanne daga ciki? Tun yaushe?

"Yaushe aka gwada ka na ƙarshe?" ta tambaya.

Bai iya tunawa ba. Abin da ya tuna kawai dariyar dattijo ce.

Ta ajiye abin da ke hannunta, muryarta ta yi ƙasa. "Yarinyar nan, ka saba ba ta?"

"Ba ta taɓa karɓar na wani ba," ya ce. Wannan magana ce da ya sha faɗa da alfahari a bakin shago. Yau da ta fito sai ya ji tsoro ya kama shi tun daga tafin ƙafa.

Ma'aikaciyar ta buɗe firij ta ce akwai ledar jini guda da aka gwada, wadda za ta dace da yarinyar. Ta ɗora ta a tire, ta ƙara faranti ɗaya a gefe, sabo a cikin takardarsa. Rijiya ya ga farantin, bai tambayi na wane ne ba. Ya bi bayanta suka wuce masu jiran likita. Wani tsohon maƙwabci ya ɗaga masa hannu: "Rijiya ba kya ƙafewa!" Ko waiwayawa bai yi ba.

Auta na kwance a gadon da ke jikin taga, ta rame, cikinta ya ɗan tasa a ƙarƙashin zani. Uwar na yi mata fifita. Da ta ga yayanta ta saki ajiyar zuciya, sannan idonta ya sauka a hannunsa.

"Yaya, ina audugar?"

Ya kau da kai. Hasken taga ya faɗa a fuskar yarinyar, ya dubi idanun nan da ya sha cewa na sikila ne. Rawayar ta fi yadda ya sani.

"Kawo yatsa, ƙawata," in ji ma'aikaciyar. Auta ta miƙa ba gardama, ta saba da allura fiye da alawa. Aka ɗiga jinin, aka ajiye farantin a kan durowar gefen gado, kusa da kofin ruwanta.

Yarinyar ta leƙa ledar da ke tire, ta taɓa ta, ta janye hannu.

"Wannan da sanyi. Na Kawu da ɗumi yake zuwa." Ta ɓata fuska. "Kawu, ba naka ba ne?"

"Ba nawa ba ne, Auta."

"To ni ba na so. Na wani zai iya sa mini ciwo."

Uwar ta yi 'yar dariya, ta dubi yayanta don ya taya ta, sai dariyar ta tsaya. Shi farantin yake kallo. Layin farko ya riga ya fito, ja sosai. A ƙasansa wani abu ya fara bayyana a hankali, siriri kamar zare. Ya roƙi Allah a ransa ya zama idonsa ne da walda ta cinye.

Auta ta jawo hannun rigarsa.

"Kawu, ka gaya musu mana. Ka ce ni naka kaɗai nake karɓa."