Tamfol a Kan Akurkin Bu Warsini

"Bu Warsini, ina tamfol ɗin da na sa aka kawo miki?"

"Yana bayan gida, Pak Dewan. Kajina suna gaisuwa, ruwa ya daina dukansu."

Pak Sudarmaji ya tsaya da cokali a hannu. Tamfol ne sabo fil, kore shar, da tambarin zakaran kamfanin sigarin garinmu a tsakiya, a ƙasa kuma an rubuta SOTO BU WARSINI da manyan baƙaƙe. Shi da kansa ya roƙi manajan kamfanin a buga shi don a rufe gaban rumfar abincinta. A ganinsa ba a taɓa yi wa mace kyauta irin wannan ba: sunanta a bakin titi, kowa ya wuce ya karanta. Ga shi ya ƙare a kan akurki.

Shekara shida ke nan da rasuwar matarsa. Zangonsa na uku ke nan a majalisar gunduma, shi ya sa kowa ke ce masa Pak Dewan, wato Malam Ɗan Majalisa, har da wadda yake fata ta daina. Mako uku da suka wuce ya tura yayarsa gidan Bu Warsini da kwandon ayaba da wainar shinkafa, neman aure. Ta karɓi kwando, ta ba da shayi, ta ce za ta yi tunani. A garinmu "zan yi tunani" takan zama i, takan kuma zama a'a da ta ci kwalliya. Tun daga ranar yake zuwa kowace azahar ya sha soto, romon naman da take sayarwa, yana karanta fuskarta kamar ɗalibi ranar jarrabawa. Ya rame a zuci, ya yi ƙiba a ciki.

Shi da kamfanin nan kuwa tsohuwar zuma ce. Kowane zaɓe su ke buga masa riguna, su ɗauko mawaƙiyar gangami, su fente filin ƙwallon mazaɓarsa. Ba su taɓa roƙonsa komai ba. Ko da aka kawo ƙudurin hana shan sigari a wuraren cin abinci, manaja zuwa kawai ya yi ya sha shayi, ya tambayi lafiyar gwiwarsa, ya tafi. Amma kowa ya ci ladan kuturu ya san aikin da ke jiransa. Washegari Pak Sudarmaji ya miƙe a majalisa, sigarin kanumfari maƙale a yatsunsa, ya ce hayaƙin nan gadon iyaye ne. Ya ce a je rumfar Bu Warsini a gani, baiwar Allah mai takaba a zuci, wadda baƙinta ke kunna taba da sun ajiye cokali; a hana su, an kashe mata kasuwa. Rediyo ya maimaita sau uku. Shi dai a ransa wasiƙar soyayya ya aika ta iska.

Sigarin da ke yatsunsa kuwa ba ya kunna shi. Shekara huɗu ke nan da likita ya nuna masa hoton ƙirjinsa ya daina. Riƙewa yake saboda masu ɗaukar hoto.

Yau a rumfar ya tambayi Bu Warsini ko ta ji jawabin. Ta ce ta ji, muryarsa ta fita da kyau. Sai tari ya kama ta, ta juya baya ta rufe baki da gefen mayafi. Da ya lafa ta miƙa masa ludayi, ta ce za ta leƙa kaji, ya taimaka ya zauna mata a bakin tukunya.

Wane shi ya ƙi? Da ta ce ya shiga tukunyar ma da ya tambaye ta da wace ƙafa zai fara. Ya naɗe hannun rigarsa ta batik, ya zagaya ya zauna a 'yar kujerarta da ke ƙuryar rumfa, benci uku sun kewaye shi. Wani direban babur ya ce yau soto ya samu kujera a majalisa. Wani ya roƙi a ƙara masa nama tunda shi ya zaɓe shi. Pak Sudarmaji yana dariya yana zubawa, yana ji kamar an riga an ɗaura.

Daga nan aka fara ajiye cokula, ashana ta fara ƙara.

Shekara da shekaru a bakin ƙofa yake zama, inda iska ke wucewa. Bai taɓa sanin fankar da ke rataye tana tattara hayaƙin benci uku ta kai shi ƙurya ba, daidai fuskar mai riƙe da ludayi. Idanunsa suka kawo ruwa. Maƙogwaronsa ya fara ƙaiƙayi. Ya sunkuya neman lemun tsami a ƙarƙashin tebur, hannunsa ya faɗa cikin wani gwangwanin biskit. Abin shaƙar masu asma ne a ciki, ɗaya sabo, sauran duk sun ƙare, an jera su a tsanake kamar kayan lefe. Ashe kullum da yake kallon kumatunta sun yi ja yana cewa kunyarsa take ji, numfashi take nema.

Wanda ya fi kowa turnuƙe wurin shi ne Mbah Pawiro, wato Kaka Pawiro, tsohon malamin firamare mai shekara tamanin, da ke naɗa tabarsa da hannu a ganyen masara. Pak Sudarmaji ya gyara murya, muryar nan da ke girgiza zauren majalisa. Ya buɗe baki zai ce a kashe. Tsohon ya ɗago ya yi masa murmushin da ba haƙori.

"Mbah, a ƙara shayi?" in ji Pak Sudarmaji.

Abin da ya iya fitowa ke nan. Da ya waiga, Bu Warsini na tsaye a ƙofar baya, ta ga komai. Ya je ya same ta, ya tambaye ta ƙasa-ƙasa me ya sa ba ta taɓa hana su ba.

"Kai da kake Pak Dewan ka iya? Mbah ne ya koya mini karatu. Wancan mai babur ɗin shi ya ɗauki makarar mijina. Da wane bakin zan ce musu su kashe? Amma in takarda ce mai hatimi, sai in liƙa a bango, in ba su haƙuri, in taya su zagin gwamnati."

Ya ce ai da ta faɗa masa.

"Rediyo ka faɗa wa abin da nake so, ni ba ka tambaye ni ba. Yayarka ta ce mace kake nema da za ku tsufa tare. Ni kuwa a kujerar can ban ga alamar tsufa ba. Shi ne nake ta tunani, kada in sa ka zaman makoki sau biyu."

Da murmushi ta faɗa, ta karɓi ludayinta.

Ya tsaya a wurin, gefe ɗaya kaji a ƙarƙashin koren tamfol, gefe ɗaya rumfa cike da hayaƙi. Zaɓe na tafe baɗi. Ya hango gangami ba riguna ba mawaƙiya, ya hango manaja ya daina tambayar gwiwarsa, abokan jam'iyya suna cewa bazawara ta juya shi da ludayi. Duk wannan ya hango sarai. Sai ya ji tarinta daga ƙurya, ƙarami, wanda take ƙoƙarin haɗiyewa don kada baƙi su ji nauyi. Ranar Alhamis za a kaɗa ƙuri'a, yau Talata.

Ya koma ciki. Ya cire sigarin daga yatsunsa ya ajiye gaban Mbah Pawiro da hannu biyu. Tsohon ya shinshina, ya ce wannan tabar ai ta girmi jikarsa, tun yaushe ake yawo da ita ba a kunna ba? Rumfa ta ɗauki dariya. Pak Sudarmaji ya jira ta lafa, ya rusuna wa benci uku ɗaya bayan ɗaya. Bu Warsini ta tsaya da ludayi a sama, romo na ɗiga.

"Mbah, 'yan'uwa, a gafarce ni. Ranar Alhamis zan ɗaga hannu a hana shan sigari a wurin cin abinci. Wanda zai zagi gwamnati kada ya wahalar da Bu Warsini, ya zo gidana, ina da shayi. Tamfol kuma na bar wa kaji."