Zauren Masu Ɓatan Kai

Lamba ɗaya tak Muhannad ya haddace a duniya, ta wayar girke da ke gidansu a garin Salt. Tasa ta hannu ma sai ya duba. Haddar kuwa ba ta tsinana komai ba, don tun rasuwar mahaifinsa bai cika kiran lambar ba. Yakan tura wa mahaifiyarsa hoton fure ranar Juma'a, shi a dole ya yi zumunci. Tsohuwa na can ita kaɗai, wayar da a da ba ta hutawa da abokan maigida ta koma wurin ɗora ƙyalle. Abin yana damunsa, amma irin damuwar nan ce da ake ce wa sai gobe.

A birnin Amman yake aiki, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba daga Salt, a wani ƙaramin kamfani mai shafin intanet inda ake sayen abincin gida. Shafin ba dunƙule yake ba. Ƙananan manhajoji ne, kowacce cikin akwatinta, an baza su a kan garken kwamfutoci: wannan ta jerin abinci, waccan ta masu kai saƙo. A bakin ƙofa akwai wata manhaja mai aikin gadi, ta duba adireshin da mutum ya nema, ta miƙa shi inda ya dace. Wanda adireshinsa bai yi daidai da ko'ina ba kuwa, sai ya ga farin shafi da lambar kuskure 404 tsirara.

Ranar da mai kamfanin, Abu Sakhar, ya ga shafin nan sai da ya ajiye sigarinsa.

"Wannan ai rashin mutunci ne! Baƙo ya ƙwanƙwasa ƙofa ka watsa masa lissafi a fuska? A gidan ubana wanda ya yi ɓatan kai ma sai ya sha gahawa. Muhannad, yi mana zaure."

Muhannad ya haɗa wata 'yar manhaja, ya gaya wa mai gadi duk wanda ya rasa masauki a turo shi nan. Ya sa hoton butar gahawa, ya rubuta: "Maraba. Ka yi ɓatan hanya? Kira mu." Da ya zo gurbin lamba, ta ofis ta ƙi zuwa masa, sai ya cike da wadda ke kansa, da niyyar canzawa bayan ya sha shayi. Shayin kam ya sha.

Ba a jima ba abokiyar aikinsa Rudaina ta sake tsarin adiresoshin shafin. Abin da ta manta shi ne tsofaffin suna nan jibge a zaurukan hirar dangi na waya, gwaggo ta tura wa ƙanwa, ƙanwa ta tura wa suruka. Duk wanda ya danna, mai gadi ya ce bai san wurin ba, ya tura shi zaure.

Rudaina ce ta fara lura. "Kai malam, zaurenka ya fi ɗakin girki cika. Kuma ko mutum ɗaya bai kira mu ba."

"Alamar aiki ya yi kyau ke nan," in ji Muhannad.

"To saurari wannan." Ta karanto abin da wani mai saye ya rubuta: "Abinci ba laifi, amma a gaishe mini da Hajiyar da ke ɗaukar waya."

Abu Sakhar ya leƙo daga ofishinsa. "Wace Hajiya? Yaushe na ɗauki Hajiya aiki?"

Rudaina ta buɗe zauren, ta fara karanta lambar da ƙarfi. Ba ta kai rabi ba bakin Muhannad ya ƙarasa da kansa. Kowa ya juyo, shi kuwa ji ya yi kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Abu Sakhar ya ɗauko wayarsa. Ya danna lambar, ya buɗe murya yadda kowa zai ji. Bugu ɗaya aka ɗauka.

"Maraba, maraba! Kai ma injin ne ya koro ka? Me ka so ci?"

Muhannad ya daɗe bai ji muryar nan da irin wannan ƙarfi ba.

"Mansaf, Hajiya," in ji Abu Sakhar, yana nufin shinkafa da naman rago.

"Mansaf ta waya? Ba ka da iyali ne? To shi ke nan. Koma shafin farko, ka danna hoton tukunya, yana nan. Wata likita da ta kira jiya ce ta koya mini, ni kuma na koya mata yadda ake kife shinkafar maƙluba a faranti ba ta tarwatse ba. Muryarka kamar ta mai shan sigari. Ka rage."

Rudaina ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa.

"Hajiya, ba ma damunki kuwa?" in ji Abu Sakhar.

"Damu? Gidan da ba a ƙwanƙwasawa ai shi ne abin damuwa. Ɗana ne ke aiki can. Aiki ya sha masa kai, shi ya sa ya turo mini ku madadinsa. Yaro mai hankali. Amma don Allah kar maigidansa ya ji, an ce mutum ne mai faɗa, ga hayaniya."

"Ba zai ji daga bakina ba," in ji Abu Sakhar, ya yi mata godiya ya kashe.

Dariyar da ta cika ofishin ta mutu da kanta, don an ga Muhannad bai ɗago kai ba. Abu Sakhar ya sosa gemu.

"Mai hayaniya ko? Za mu yi wannan maganar. Yanzu dai gyara. Ba za mu ɗora wa dattijuwa ƙorafin kamfani ba, wata rana mara kunya zai kira."

Gaskiya ce, Muhannad ya sani. Gyaran ma ba wani abu ba ne. Ya sa lambar ofis, sabon akwati ya tashi ya maye gurbin tsohon, Rudaina kuma ta koya wa mai gadi inda tsofaffin adiresoshi suka koma. Ya zauna yana kallon masu shiga zaure suna raguwa a allo har suka ƙare. Aiki ya yi tsaf, shi kuwa baƙin ciki ya kama shi, don ya san can Salt akwai mai zaune kusa da waya ta cire mata ƙyalle.

Ya fita bakin matakala ya danna lambar ba tare da ya duba ba.

"Maraba, maraba! Me ka so ci?"

"Umma, ni ne."

Da ta sake magana duk ƙarfin muryar ya tafi. "Muhannad? Lafiya? Me ya faru?"

"Ba abin da ya faru. Kira kawai na yi."

"Kawai?" Ta ja numfashi. "To yi sauri, kar ka tare layi, baƙina sukan yi yawa bayan la'asar."

"Ba za su ƙara kira ba, Umma. Kuskure ne na yi, na gyara."

Ya ji ƙarar kujera da ta zauna.

"Na san kuskure ne," ta ce. "Ai ni na haife ka." Sai ta gyara murya. "To, tunda kai kaɗai ka rage, faɗi abin da ka so ci."

"Maƙluba."

"Ba a aika ta ta waya."

"Na sani," in ji Muhannad, yana sauka matakala. "Ɗora tukunya."