Sunan da Ya Fi Ƙarfin Bakin Barira

Barira na ƙoƙarin sauke jirgin feshi a bakin wata gonar masara a Saji, wayar ƙungiya kuwa sai tsuwa take a aljihunta ba ji ba gani. Ba ta kula ta ba sai da jirgin ya dire ƙafafunsa a kan tabarmar da ta shimfiɗa masa, farfelolin suka tsaya cik. Sannan ta goge hannunta a gefen hijabi, ta zaro wayar. Saƙo ɗari da sittin da biyu tun daga karin kumallo.

Su ashirin da uku ne a Rano da Kibiya da suka koyi tuƙa ƙananan jiragen nan da ake sarrafawa daga ƙasa, masu fesa wa gona maganin tsutsa. Ita kaɗai ce mace a cikinsu, ita ce kuma ta buɗe musu guruf a WhatsApp don su daina karo da juna a gona ɗaya. Wata biyar ke nan sunansa Sabon Guruf, alhali ya isa yaye. Gobe kuwa kasuwar Kibiya ke ci, za a kafa musu allo a bakin tasha, a yi shela a lasifika, mai rubutun allon ya rantse in la'asar yau ta yi bai ji suna ba zai wanke burushinsa ya tafi gida.

An daɗe ana fafatawa. Da aka ce Gaggafan Rano, 'yan Kibiya suka tambaya ko su kaji ne. Da aka ce Matuƙan Rano da Kibiya, sai da aka kwana uku ana rigima a kan garin da zai zo farko, har mutum biyu suka yi fushi suka fice, aka bi su gida da ban haƙuri. Wani ya kawo sunan Turanci mai tsawo, shi kansa bai taɓa rubuta shi iri ɗaya sau biyu ba.

Yau dai an daidaita, abin da ya sa wayar ke tsuwa ke nan. Saminu, wani dogon matuƙi ɗan Rano mai son a ce shi ya ce, shi ya kawo shawara: Matuƙan Alhaji Ishiyaku. A gonar Alhajin a Rurum suka yi koyo, suka tattake masa dawa, suka aske kan gero da farfela, bai taɓa cewa uffan ba. Wa zai ƙi? Ƙuri'a ashirin da biyu ta hau kai. Saura guda, ta Barira.

Mu da ba surukinmu ba ne muna iya kiran sunan bawan Allahn nan sau goma a jere, amma ita uban mijinta ne. A gidan da ta tashi, gidan Fulanin da suka ajiye sanda suka kama garma amma ba su ajiye kunya ba, mace ba ta kama sunan suruki ko da wuƙa a wuya. Shekara goma sha ɗaya da aurenta, Baba take cewa. Ko asibiti ta raka shi aka tambaye ta sunan, sai dai ta nemi biro.

Kuma dokar da ita da kanta ta kafa ita ce, duk mai riƙe da wayar ƙungiya da sunan ƙungiya zai amsa ta, shi ne kuma zai yi shela. Wayar nan ita ce komai nata. Kafin ta dawo hannunta, mazan kan raba manyan gonaki a tsakaninsu su bar mata 'yan ƙananan da ke bayan dutse, inda babur ma sai an tura. Matan da ke noma kuwa ba su fara kira ba sai da suka ji muryar mace ce ke ɗauka. Tana son wayar nan, ba ta kuma jin kunyar son ta.

Ta danna saƙon murya na ƙarshe. Saminu ne, muryarsa har da zuma a ciki.

"Alhamdu lillahi an samu suna. Sai dai wani hanzari ba gudu ba. Malama Barira, tunda ke za ki yi shelar gobe, a ɗan gwada mana mu ji yadda zai fita. In kuma da nauyi, ai ba komai, akwai masu taimakawa."

"Kai dai Allah ya shirye ka," in ji ta, ita kaɗai.

Ta koma gindin wata ɗorawa, ta gyara murya, ta danna. "Salamu alaikum, nan Matuƙan Alhaji..." Harshen ya ƙi. Ta goge, ta sake. "Nan Matuƙan Alhaji Baba." Ta goge. Ta gwada "Matuƙan mai gonar Rurum", ta ji ko ita ba za ta ba masu wannan suna gonarta ba. Ta ce a canza kuwa, ba dama. Yaya za a yi a ji cewa mutum ashirin da biyu bare sun karrama dattijo, matar ɗansa ce ta hana? Kafin magariba labarin ya kai rugar kakanninta.

Ta ɗaure akwatin jirgin a bayan ɗan acaɓa, suka kama hanyar gida Rurum, suna kauce wa kwatamin da ruwan jiya ya bari. A hanya take ta sauraron sauran saƙonnin da wayar a manne a kunne. Tuni 'yan guruf sun fara amfani da sabon sunan tun ba a yanka rago ba, kuma da yake bakin matasa ba ya son doguwar hanya, sun sauke Matuƙan, sun sauke Alhajin. Da ta zo kan saƙon Mato, wani matuƙi ɗan Kibiya da bai iya magana a hankali ba, sai ta saurare shi sau biyu. Ɗan acaɓan ya ji tana dariya ƙasa-ƙasa, ya tambaya ko lafiya. Ta ce ya dai kula da hanya.

Ta tarar Saminu ya riga ta. Yana durƙushe a ƙofar gida gindin darbejiya, ya baje wa Alhaji zanen allon a takarda. Tsohon ya sa tabarau yana bin haruffan da yatsa, fuskar nan tasa fal farin ciki. Barira ta gaida shi daga nesa, ta shige ciki. Iya, uwar mijinta, ta miƙo mata kwanon fura ta kai wa baƙo, ita kuma ta biyo ta har bakin zaure ta laɓe, don ba a yin zance a ƙofar gidan nan ba da kunnenta ba.

"Kin ga abin da yaran nan suka yi mini?" in ji Alhaji, da Barira ta ajiye kwanon ta ja gefe ta tsuguna. "Wai har a kasuwar Kibiya."

"Na gani, Baba. Allah ya ƙara girma."

"Ita ce ma za ta yi shelar, Alhaji," in ji Saminu, yana gyara ludayi. "Da bakinta."

Alhaji ya ɗan yi tari. Shi ma ya san inda gizo ke saƙar, amma daɗin allo ya rufe masa ido.

A nan ne wayar ta yi magana. Barira ta ce daga baya wai yatsanta ne ya zame. To, yatsan da ya zame ya nemo saƙo ɗaya tak cikin ɗari da sittin da biyu, ya kuma ƙure ƙarar har ƙarshe, wannan yatsa ya san abin da yake yi. Muryar Mato ta cika gindin darbejiya.

"Jama'a, Mato ne. A gaya wa mai gonar tumatir ya yi haƙuri, Ishiyaku ba zai samu zuwa yau ba. Ya maƙale a kan bishiya tun hantsi, muna ta zungurar sa da gora ya ƙi saukowa. Kuma dama tun jiya cikinsa ke yoyo."

Saminu ya tsaya da ludayi a rabin hanya. Daga cikin zaure aka ji wani sauti kamar an toshe baki da mayafi.

Alhaji ya cire tabarau a hankali. "Wane ne a kan bishiya?"

"Jirgin Mato ne, Alhaji. Tankin maganin ne ya tsage. Yaran ne suke taƙaitawa, za mu hana su."

"Za ku hana mutanen kasuwar Kibiya?" Ya ninke takardar gida biyu. "Shekarata saba'in da huɗu. Tun da mahaifiyata ta rasu ban ƙara jin an kira ni haka gatsal ba, sai yau, kuma wai ina kan bishiya ana zungura ta. Gobe in na shiga masallaci a tambaye ni ya cikin. A'a. Na gode, Allah ya yi muku albarka, amma ku sauke ni."

Barira ta sunkuyar da kai don kada a ga bakinta. Wani sanyi ya ratsa ta tun daga ƙeya har tafin ƙafa. Har ta fara tunanin gonakin da za ta raba jibi.

"Amma ba za ku tashi hannu banza ba," in ji Alhaji. "Ni ƙasa kawai na bayar, ƙasa kuwa tana nan ba ta san an yi ba. Suna na wanda ya sha wahala ne. Wa ya bar iyalinsa ta tafi Kano sati shida koyon abin nan, garin nan kaf ana yi da shi? Wa yake cika muku baturan nan a shagonsa, ku zo ku ɗauka ko sannu babu? Ku sa sunan wancan."

Saminu ya yi sororo, don 'ya'yan Alhaji maza shida ne. "Wanne daga ciki, Alhaji?"

"Wancan dai. Na shagon caji."

"Mai jan babur ɗin nan," in ji Iya daga zaure, ta manta a laɓe take.

Ɗan fari ne, uban ba ya faɗa, uwar ba ta faɗa. Saminu ya juya wajen Barira, ya ga ta ja hijabi har kan hanci, sai fuskarsa ta washe.

"Au, Amiru?"

Alhaji ya ɗaga kai yana nazarin ganyen darbejiya. Iya ta tuna ta bar tukunya a wuta.

"Shi yaro ne," in ji Alhaji. "In ya maƙale a bishiya zai iya saukowa."

Garin neman gira an rasa ido. Sunan suruki ai da sauƙi, ana iya kewaye shi da Baba. Na miji fa? Ko a zuciyarta ba ta cika kiran sa ba, shi ne kawai, ko maigidan. Saminu ya rubuta a guruf cewa Alhaji da kansa ya zaɓa, kafin ya shanye furarsa ƙuri'a ta cika, don kowa ya gaji, kuma kowa na da batur a shagon. Aka aika wa mai allo saura minti ashirin a kira la'asar.

Da Alhaji ya tashi alwala, Saminu ya miƙo hannu, cikin ladabi kamar mai karɓar sadaka.

"Kawo in rage miki nauyi, Malama."

"Wa ya ce maka ta yi mini nauyi?"

"Shelar gobe fa?"

"Allah ya kai mu goben."

Ta sa wayar a aljihu, ta wuce sashensu. Ita kanta ba ta san abin da za ta yi ba.

Da yamma tana tsakar gida tana wanke tankin jirgi, Amiru na zaune a kan turmi da ya kifa, ya ba ta baya, yana gyaran wata wayar caji da filaya. Mutum ne marar yawan magana. Da labarin ya iske shi a shago cewa ya yi kawai, "Ikon Allah," ya ci gaba da aikinsa. Bai tambaye ta yadda za ta yi ba, ita ma ba ta tayar da zancen ba.

Wayar ƙungiya ta yi ƙara. Baƙuwar lamba.

Ta bar ta ta yi ƙara sau huɗu, sannan ta goge hannu ta ɗauka. "Salamu alaikum."

"Wa alaikumus salam." Muryar wata tsohuwa ce, daga nesa, ana jin kukan awaki a bayanta. "'Yar nan, ina ne nan? Tsutsa ta cinye mini masara. Jikata ta ce in tabbatar da sunan tukuna, wai akwai na bogi masu fesa ruwan banza."

Barira ta dubi bayan mijinta. Ta dubi katangar da ta raba su da sashen Iya, wadda ba ta kai tsayin mutum ba. Kunya ta kama ta har kunnuwanta suka yi zafi. Tsohuwar na jira.

"Matuƙan Amiru ne, Inna."

"Na'am?" in ji Amiru, ya juyo da sauri har filayar ta faɗi.

Ta juya masa baya ita ma, ta jawo littafin aiki. Ta tambayi tsohuwar garinsu, da girman gonar, da ko tsutsar ta shiga zuciyar masarar ko tana ganye, ta ce jibi da sassafe in Allah ya yarda. Ta rubuta a littafin. Da ta kashe, ba ta juyo ba.

"Shekara goma sha ɗaya," in ji shi a bayanta. "Ashe kin san shi."

"Kada ka saba. Na aiki ne."

Ta koma kan tankinta tana dirza wurin da ta riga ta wanke. Can wayar ta sake ƙara. Amiru ya ture kayan gyaran gefe, ya jawo turmin ya matso kusa, ya gyara zama.