Matatar Baba Injiniya

Ana ƙoƙarin shigar da shi mota, 'yarsa ta tallafe kafaɗarsa, mijina yana ɗaga kumburarrun ƙafafunsa, amma Baba Injiniya ya ƙi sakin hannuna. Ya danna mini makullin gidansa, ya ce, "Kada ki bar ta ta bushe." 'Yar ta harare ni, sai ka ce ni na sa shi. Mutum ƙodarsa ta tsaya, amma hankalinsa yana kan matatar ruwa.

Ba injiniya ba ne fa. Shekara talatin ya yi yana buɗe bututu yana rufewa a gidan ruwa, 'yan layinmu suka laƙaba masa sunan, shi kuma bai taɓa musantawa ba. Katanga ɗaya ce tsakaninmu. Tun da matarsa ta rasu ba shi da abokin hira sai matatar nan da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke, sai kuwa ni, idan na ɗaga kai daga keken ɗinki. Ina tsokanarsa cewa ya yi amarya bai gayyace mu ba, ya yi dariya ya ce wannan ba ta yaji.

Ya sha nuna mini ita. Gora biyu ne a tsaye, waɗanda ake kwancewa a wanke da burushi. Ta uku tana kwance a sama, a cikinta akwai wata siririyar fata a nannaɗe, mai ƙofofin da ido ba ya gani. Ita yake kira zuciya. Ya ce ba a dirza ta, ba a sa mata sabulu. Kowace safiya dai a buɗe ƙaramin famfon gefe, ruwa ya ɗauraye ta har bokiti ya cika. In ta bushe sau ɗaya, ƙofofin sun rufe ke nan har abada. Ruwan da ta ƙi kuwa yana bin wani siririn tiyo da ya huda ta katanga, ya ɗiga a gindin lemon tsakar gidana. Da ɗigar nan nake sanin Baba ya tashi lafiya.

Kwana takwas ina shiga gidan da safe, kuma ban taɓa shiga da daɗin rai ba. Silifas ɗin marigayiya yana nan a bakin ƙofar ɗaki, an jera shi kamar yanzu za ta fito. Agogon bango ya tsaya. Da na sa ƙafa a kicin sai ɗan injin matatar ya tashi da kansa, ya yi gurnani ƙasa-ƙasa, ya yi shiru. Mijina ya ce ruwan tankin matatar ne ke raguwa, haka aka yi injin. Na yarda, amma ban daina yin sallama ba kafin in shiga.

Kullum da hantsi 'yar takan kira ni daga asibiti ta miƙa masa waya. Ba ya tambayar gida, ba ya tambayar kowa. Sai ya ce in kara wayar a jikin injin. Yakan saurara har injin ya cika tanki ya huta, sannan in ji ya sauke numfashi. 'Yar ta gaya mini likitoci sun hana shi ruwa sai rabin kofi a yini, leɓensa duk ya tsage. Ta ce ya sa wa ransa cewa muddin matatar tana aiki zai dawo gida ya sha ya ƙoshi, don haka ta daina yi masa gardama.

Rana ta tara na ji ruwan yana ɗan warin rijiya. Ni kuwa mace ce da ba ta iya ganin yauƙi ta wuce. Na ɗauko abin kwancewar da ke rataye a ƙusa, na buɗe gorunan biyu na wanke su tas. Maimakon in tsaya a nan, sai na zaro zuciyar ma. Tana da sanyi, tana da santsi, da nauyi a hannu. Na san abin da ya ce, wallahi na sani. Amma a gidanmu duk abin da aka wanke sai ya ga rana. Na ɗora ta a kan katanga, na ce minti biyar, warin ya fita in mayar.

Ina leƙawa gida na tarar da mata uku sun zo gwajin kayan biki. Wannan a rage mata ƙugu, waccan hannu ya matse ta. Aka yi ta surutu har rana ta take tsaka, ta fara karkata. Waya ce ta tuna mini. 'Yar ta ce yau jikin ya yi nauyi, shi ya sa ba su kira da wuri ba, amma yana neman ya ji injin.

Na fita a guje ba takalmi. Na ɗauko ta a kan katanga da zafinta, ta yi sakayau kamar totuwar masara. Na mayar da ita cikin gorarta, na ɗaure, na buɗe ruwa. Injin ya tashi, na kara wayar. Ya yi ta gurnani, ya yi ta gurnani, bai huta ba. Famfon ruwan sha ko ɗigo, komai yana fita ta tiyo, ina jin zubarsa a gindin lemona ta bayan katanga.

Can Baba ya ce ta wayar, "Ta bushe ko?"

Na so in yi ƙarya, bakina ya ƙi. Na ce, "Baba, ka yafe mini. Rana na sa ta."

"Ba komai, 'yata," in ji shi. "Kashe shi ya huta."

Na kashe. Kafin rana ta faɗi aka kira mijina, aka ce Baba ya cika.

Likita ya ce tun ranar da aka kawo shi ba su sa rai ba. 'Yar ta faɗa mini haka, mijina ya maimaita har ya gaji, ya ce ana sayar da irin fatar nan a kasuwa, in daina ɗora wa kaina abin da ba ni na yi ba. Na ji su. Amma ba su ne suka riƙe wayar ba, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Bayan an watse zaman gaisuwa 'yar ta zare wutar gidan, ta rufe babban famfo da hannunta, ta karɓi makullin ta tafi. Kashegari da safe na fito shara, na ga gindin lemon a jiƙe. Mijina ya duƙa ya duba, ya ce ragowar ruwan tiyo ne, kwana biyu zai ƙare.

Yau wata biyu ke nan. Na ajiye ƙaramin kofi a ƙarƙashin tiyon, kuma kowace safiya nakan same shi rabi.