Magajin Gida a Bakin Dutsen Niƙa

Shekara talatin Baba ya yi yana gyaran zanen bangon babban gidan da ke gindin ganuwa, ni kuma tun ina ƙarama nake niƙa masa launi a kan dutse. Tsuntsaye, jiragen ruwa, furanni har rufin soro, duk wanda ya fara ɓarewa hannunsa ne ke mayar da shi.

Da mai gidan ya rasu, ɗansa ya gaje shi, ya buɗe ƙofa ga masu yawon buɗe ido. Wata rana a gaban baƙi ya ga hannun Baba na rawa, sai ya ce, "Tsoho, shafe-shafen nan ya isa haka. Kwashe gwangwanayenka." Har wani baƙo ya yi dariya. Ni na ɗauko wa Baba jakarsa. Bai sake taɓa buroshi ba har ya bar duniya. Magajin kuwa ya kawo 'yan fenti, suka lafta wa bangon fentin kanti mai sheƙi.

Na samu aikin zagayawa da baƙi. Sai in kai su ganuwa, in kai su tsohuwar fada, idan mun iso ƙofar babban gidan in ce, "Nan sabon fenti ne, mu wuce." Daga nan sai in kai su ƙaramin gidan wata tsohuwa, wanda ni ke gyara mata bangonsa. Abokan aikina suka bi sahuna. Damina biyu kacal fentin ya kumbura, yana faɗowa da tsohon zanen manne a bayansa.

Rannan da hantsi sai ga magajin a ƙofar gidanmu, ya rame.

"Ƙanwata, ki taimake ni. An ce duk garin nan ke kaɗai kika san haɗin launin tsohon."

"Au, yau ni ce ƙanwa? Ka dawo bayan damina."

Da ya tafi Inna ta harare ni. "Ke 'yar nan, bangon ba nasa ne shi kaɗai ba. A can idon ubanki ya ƙare."

Na ji ta, amma ban je ba sai da ruwa ya ɗauke. Na gindaya masa sharaɗi ɗaya: duk launin da zan shafa shi zai niƙa da hannunsa, a tsakar gida, ƙofa a buɗe. Ya tuɓe agogonsa ya durƙusa.

Wata huɗu yana niƙa. Na dawo da baƙi, suna wucewa ta kansa suna ɗaukar hoto. Idan ya miƙo mini sai in murza da yatsa in ce, "Akwai tsakuwa, sake." Wani lokacin da laushinsa lukwi. Tafin hannunsa ya yi kanta, raina ya yi fari ƙal.

Na ceto tsuntsayen, na ceto furannin. Amma bangon gabas, inda babban jirgin ruwa yake, ya zube cikin watannin da na ja masa rai. Ranar da na gaya wa Inna ba ta yi mini faɗa ba. Ta tashi ta shige ɗaki, ta kwana uku ba ta kalle ni ba. Bangon yana nan fari fat har yau, kuma idan baƙi suka tambaya, da bakina nake gaya musu yadda aka yi.