Taɓaryar Daso

Ni ne sakataren ƙungiyar makaɗa da mawaƙa ta Magarya tun ranar da aka kafa ta, a damanar 1975, kuma ko tafi ban iya ba. Sun ɗauko ni ne don na taɓa koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, kuma hannuna yana da kyau a rubutu. Sunana Maharazu, amma Mushe suke ce mini, yadda ake kiran malamin lakwal da Faransanci. Wanda bai taɓa zama da makaɗa talatin a ɗaki ɗaya ba bai san abin da ake kira haƙuri ba. Kowannensu sarki ne, kuma kowa kakansa ne ya fara kiɗa a ƙasar Damagaram.

Duk da bakinsu, ƙungiyar ta yi aiki. Mun hana masu kalangu biyu haɗuwa a biki ɗaya su kaure da faɗa. Fatar ganga tare muke sayowa daga majema. In ɗan ƙungiya ya kwanta ciwo, wani ya je ya yi masa kiɗan da aka gayyace shi, a kai wa iyalinsa abin da aka samu. Babban abin da muka yi shi ne shawo kan Mutari, ma'aikacin gidan radiyo, ya riƙa zuwa daga Damagaram duk bayan wata biyu da manyetonsa, wato na'urar ɗaukar murya, yana ɗaukar ƴan ƙungiya ana sakawa duniya ta ji.

Bayan an gama girbi, wata ran kasuwa, wata mata ta yi sallama a ƙofar bironmu, wato ofishin ƙungiya. Doguwa ce, siririya, da ƙurar mota har a gira. Ta durƙusa ta gaishe da shugabanmu Mala, tsohon mai ganga, ta ce sunanta Hinda, daga Garin Tamu take, gaba da Dungas, kuma katin ƙungiya take so.

Mala ya ce, "Madalla. Me kike kaɗawa, baiwar Allah? Ƙwarya ko shantu?"

Ta ce, "Turmi."

Gajere mai kalangu ne ya fara fashewa da dariya, sauran suka bi. Ni ma na yi, ba zan ɓoye ba. Hinda ta tsaya har muka gama, sannan ta yi bayani.

Ita da yayarta Daso sun yi suna da lugude a ƙasarsu. Ba a bikin da za a yi daka ba a kira su ba: taɓarya biyu a turmi ɗaya, wannan ta sauka wannan ta tashi, a wurga sama a yi tafi a cafe, waƙa kuma tana tafiya a kai. Da yunwa ta zo, shanu suka fara mutuwa, Daso da mijinta da ƴaƴansu suka tsallaka iyaka suka yi kudu. Shekara biyu ke nan ba labari. Wani ya ce ya gan su a Babura, wani ya ce Gumel, wani ya ce Kano.

Na ce, "To me ya hana ki ba da cigiya a radiyo?"

Ta ce, "Na bayar, Mushe. Daso nawa ce a ƙasar Hausa? Amma lugudenmu babu mai irinsa. In ta ji shi ko a cikin barci ne za ta san ni ce. So nake ta san an yi ruwa, rumbu ya cika, ta dawo gida."

Mala ya share maƙogwaro ya ce in rubuta ta. Na buɗe littafi, a gurbin kayan kiɗa na rubuta turmi, ita ce mace ta farko da na taɓa rubutawa a littafin nan. Mala ya ce mata ta dawo ran da Mutari zai zo, kada ta ɗauko komai, kayan kiɗa aikin ƙungiya ne.

Nan ne muka nuna mu maza ne. Aka aika garin Waca wajen masassaƙi aka yo sabon turmi ƙato da taɓarya biyu. Wani mai gurmi ya zana masa ado da wuta. Gajere ya samo fenti kore ya shafe bakinsa har ciki, ni kuma na rubuta sunan ƙungiya a gefe da manyan baƙaƙe. Muka ɗora shi a kan tabarma a tsakiyar biro, duk wanda ya shigo sai ya yaba. Mutum talatin, kowa tuwon gero ya raine shi, amma ba wanda ya yi tunanin tambayar matarsa ko kalma ɗaya.

Ranar ta zo. Mutari ya iso da hantsi, ya ce da la'asar zai juya, mota ba ta jira. Ya ɗauki masu goge, ya ɗauki mai gurmi, sannan aka kira Hinda. Ta zagaya turmin sau ɗaya, ta leƙa ciki, ta sa yatsa ta shafo fentin ta sansana.

Ta ce, "Ina hatsin?"

Mala ya ce, "Wane hatsi? Ai sauti kawai ake so."

Ta ja da baya kamar ta ga maciji. "Baba, turmi ba komai a ciki zan daka? A garinmu ko yarinya ta yi haka da wasa sai an buge mata hannu, yunwa ake kira. Shekara biyu muna jin turmi shiru. Yanzu in sa Daso ta ji ƙarar turmi wayam, in ce mata ta dawo an ƙoshi? Ai kunnenta zai ƙaryata ni. Kuma wannan da kuka shafa wa fenti, wa zai ci abin da aka daka a ciki?"

Na ji kunya har cikin ƙashina, musamman da idona ya faɗa kan rubutun nan nawa mai kyau.

Mala ne ya fara farfaɗowa. Ya buga sandarsa a ƙasa ya ce kowa ya nufi gida ya kawo gero, wanda ya dawo hannu biyu kada ya ƙara kiran kansa ɗan ƙungiya. Sai ga manyan makaɗa suna gudu a titin Magarya, riguna suna tashi. Kafin azahar suka fara dawowa. Wani a ƙwarya, wani a hula, mai goge a cikin jakar gogensa. Ni na haye gidan Goggo mai fura da ke bayan biro na aro tsohon turminta, baƙi, bakinsa ya cinye. Goggo ta biyo ni don ta ga abin da maza za su yi da turmi, maƙwabtanta mata biyar suka biyo ta.

Hinda ta zuba gero, ta yayyafa ruwa, ta ɗaga taɓarya ta sauke sau uku. Sautin ya fito a cike, mai nauyi. Ta yi murmushi karo na farko tun da na san ta.

Mutari ya ce, "To, wa zai kama ta biyun?"

Goggo ta gyara ɗaurin zane ta matso. Hinda ta riƙe mata hannu. "Goggo, ki yi haƙuri, ba raini ba ne. Wurin Daso ne. In ta ji hannun wata mace gwana a wurinta, cewa za ta yi na samu madadinta, ta yi zamanta can. Na san halin ƴar'uwata."

Na ce a raina yau mun shiga uku: lugude ba ya yiwuwa da hannu ɗaya, mace kuma an ce ba a so. Rana tana ta tafiya, Mutari yana duba agogo.

Hinda ta waiwaya ta nuna Gajere. Tun ɗazu yana zaune yana buga gwiwarsa da yatsu, yana cike gurbin da taɓaryarta ta bari, bai ma san yana yi ba.

Ta ce, "Wancan ya ji kiɗan."

Gajere ya zabura. "Ni? In yi daka a gaban mata? Ni da na yi wa mahauta kiɗa shekara ashirin? Wallahi gara a kore ni."

Mala ya ce, "Mushe, karanta masa doka ta huɗu."

Ban ko buɗe littafi ba na ce, "In ɗan ƙungiya ya rasa abokin kiɗa, wanda ya iya ya kama masa."

Gajere ya ce ai ba a ce har da turmi ba. Mala ya ce ba a ce ban da turmi ba. Aka yi ta ja har Hinda ta ce a hankali, "Malam Gajere, kai ne ka fara yi mini dariya. Ban riƙe ka ba. Ka taimake ni in kira yayata."

Ya tuɓe babbar riga ya miƙa mini. Da yake sunansa bai yi ƙarya ba, sai da aka kawo masa kujerar tsugunno ya hau kafin ya kai bakin turmi yadda ya kamata. Su Goggo suka riƙe ciki. Mutari ya ɗaga hannu, kowa ya haɗiye dariyarsa, faifan manyeto ya fara juyawa.

Hinda ta fara. Na sha jin mawaƙa, har na gaji da su, amma ban taɓa jin murya ta hau kan daka ta zauna daram haka ba.

"Daso ta Inna, ruwa ya sauka,
Gero ya yi kai a Garin Tamu.
Taɓaryarki na nan a bayan rumbu,
Ban ba kowa ba, ban ba kowa ba."

Gajere yana biye, gumi yana zuba. Kunnensa ya san inda zai faɗa, amma taɓarya ba makaɗin kalangu ba ce, tana da nauyi, sai ya riƙa sauka a makare kaɗan. Da Hinda ta wurga tata sama ta yi tafi biyu ta cafe, shi ma ya gwada, saura ƙiris ya fasa wa Mutari kai. Su Goggo suka ɗauki amshi ba wanda ya sa su. Na duba na ga Mala yana goge ido da bakin rawani.

Da aka gama, Goggo ta kwashe geron ta dama fura, duk muka sha, har direban Mutari.

Aka saka waƙar ran Juma'a da yamma. Garin Magarya ya ɗauka, har mahauta suka riƙa tambayar Gajere ko yana karɓar surfe. Ya yi fushi na kwana biyu, da ya ga gayyata ta ƙaru sai ya fara cewa shi ya ƙirƙiro salon. Mala ya roƙi Mutari ya maimaita waƙar, ya maimaita. Ƴan ƙungiya masu tsallaka iyaka zuwa biki muka ce duk inda suka sauka su rera baitin nan ko sau ɗaya. Hinda kuwa duk bayan mako biyu sai ta zo ran kasuwa, ta gaishe mu, ta dubi fuskata. Ni kuma in girgiza kai. Na tsani wannan girgiza kan, har na fara fargabar ran kasuwa.

Wata uku aka yi haka. Ran nan muna zaune da rana tsaka, Hinda ta shiga gidan Goggo shan ruwa, sai ga wata mata a ƙofa da ƙunshi a kai, yara biyu a bayanta. Ko sallamar kirki ba ta gama ba.

"Nan ne ƙungiyar? Ina matar da ta yi daka da Hinda a radiyo? A nuna mini ita."

Muka dubi juna. Gajere ya fara laluben takalminsa.

Ta ce, "A Babura na ji, a shagon wani tela. Ran farko na yi kuka. Ran na biyu na yi kuka. Ran na uku na kasa kunne sosai, na ji ana ɓata mini hannu. Kullum a makare, kullum a makare, kamar mai ciwon kafaɗa! Wace ce wannan da ba a koya mata daka a gidansu ba?"

Mala ya nuna da sanda. "Ga ta nan."

Ta dubi Gajere daga hula har ƙafa, abin da bai ɗauke ta lokaci ba. Sai dariya ta ƙwace mata, ƙunshin ya faɗo, mu ma muka kece, har Gajere.

Cikin dariyar Hinda ta shigo da moɗa a hannu. Moɗar ta faɗi. Ta ce, "Yaya," ta zauna a ƙasa. Daso ta durƙusa ta rungume kanta tana faɗa tana kuka, wai dubi yadda ta rame, wai wa ya ce ta riƙa jan baiti na biyu haka. Na yi farin ciki ran nan irin wanda ban yi ba ko ran da aka ba ni aikin lakwal.

Da suka natsu aka kawo ruwa, Daso ta ce maigidanta yana tasha da sauran kaya. Sannan ta juya wajen Gajere, muryarta ta sauka.

"Malam, ka yafe mini bakina. Tun bara na ji an yi ruwa a gida. Mun tafi da shanu takwas, ga abin da muka dawo da shi a ƙunshin nan. Kullum in na ce zan taho sai kunya ta riƙe ni, in ce da wane ido zan shiga Garin Tamu. Da ka iya dakan nan, da har yau ina Babura ina kuka a shagon tela."