Gammon Rempi

"Nan dai ba za ta shigo ba," in ji Gatra, ya tokare ƙofar gidan da hannu biyu.

Motar asibiti ta sauke gawar ƙanwarsa Rempi a bakin hanya ta yi tafiyarta, don ta gaji da zarya. Nan aka fara kawo ta, ya ce a kai gidan tsohon mijinta. Can suka ce sun sake ta tun yaushe, babu ruwansu. Ga ta an dawo da ita kan gadon gora, rana tana dukan farin ƙyallen.

Maƙwabciyarsu Suti, wadda mijinta ya daɗe da rasuwa, tana saƙa kwandunan furen hadaya da ganyen kwakwa don bikin gobe na Durga, allahiyar da suke bauta wa a haikali. Ta watsar da ganyen kwakwar ta fito.

"Yaya Gatra, a gidan nan fa aka binne cibiyarta."

"Ranar aurenta ta yi wa ruhohin kakanninmu sallama, kowa ya gani. Ta fita daga cikinmu."

"Da auren ya mutu ta dawo fa? Wa ya kamata ya kira limamin haikali ya maido ta gaban kakannin?"

"Ai na ce sai an samu sarari."

"Har ta yi furfura kana neman sarari."

Ran Suti ya ɓaci. Ita ta san abin da Rempi ta ci a gidan nan. Tun dawowarta take dakon yashi daga kogi da sauran mata, kwando a ka, ta hau gangare ta sauka har rana ta faɗi. Ƙofar nan ma da Gatra ya tokare, tubalinta a kan Rempi ya zo. Lokacin babu wanda ya tuna ta yi wa kakanni sallama. Shinkafar da ta saya kuwa ba ta taɓa maƙale masa a wuya ba.

Mazan unguwa suna rumfar mai kofi, kowa ya ga abin kallo a cikin kofinsa. Ɗayansu ya ce, "Ki bari dattawa su zauna tukuna, Suti. Gobe biki ne."

"Su zauna, ita kuma ta kumbura a titi?" Ta juya kan Gatra. "Gobe kai ne mai riƙe wa gunkin Durga lema, ko? Ka durƙusa kana Uwa, Uwa, har da ƙwalla. Ta dutse kuka iya girmamawa, don ba ta neman ɗaki."

"Ki iya bakinki."

"Na iya shi tsawon rayuwarta, ga inda ya kawo ta. A kai ta gidana."

Kerti, abokiyar dakon Rempi, ta ja Suti gefe. "Yaya, in gawa ta shiga gidanki, ke da haikali sai bayan tsarki. Hadayar nan da kika yi ta wahala a kai duk ta tashi a banza."

"Durga ta san hanyar gidana."

Ɗaukar gawa aikin maza ne, amma babu namijin da ya motsa. Kerti ta dube su, ta yi tsaki, ta warware tawul ɗin wuyanta ta naɗe gammo. Matan dako suka fito ɗaya bayan ɗaya, kowa da nata. Suka ɗora Rempi a ka yadda suke ɗora yashi, suka wuce ta gaban Gatra. Ko kallo bai samu ba.

A tsakar gidan Suti suka yi mata wanka. Da Suti ta warware gashin don ta zuba ruwa, sai hannunta ya tsaya. A tsakiyar kan babu gashi ko ɗaya, fatar ta yi kanta, zagaye daidai faɗin gammo. Kullum Rempi tana rufe wurin, ko Suti ba ta taɓa gani ba.

Ta miƙa hannu cikin kwandon da ta saƙa wa Durga, ta zaɓi farar fure mafi girma, ta ɗora a wurin. A haikali an fara gwada ganguna.